Mai Faɗuwa Don Wani Ya Yi Suna: Sana'ar Ɗan Share Fage

Idan kaka ta yi a ƙasar Rano, gero ya shiga rumbu, aka kai gyaɗa kasuwa, aljihun manomi ya ɗan yi nauyi, to lokacin kalangu ya yi. Da la'asar sakaliya za ka jiyo shi daga bayan gari, can gindin duwatsu, ka ga yara da samari suna keta gonakin da aka girbe, kowa ya nufi inda ƙura ke tashi. A irin wannan fage na fara sanin mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Mahauci ne daga wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, gajere, kakkaura, mai tabo a gira. Mu yara Kawu muke ce masa, ko da yake babu abin da ya haɗa mu da shi sai kallo. A iya shekarun da na yi ina ganin dambensa, kisan da ya yi, wato kayar da abokin karawa, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma duk inda za a kafa fage a yankin, sai an aika masa da goron gayyata.

Akwai wani yammaci da nake tunawa kamar jiya aka yi. An zo da wani dogon saurayi daga birni, wanda ake ta labarin hannunsa, kuma dominsa fagen ya cika. Manyan 'yan damben yankin kowa ya samo uzuri. Wannan ya ce hannunsa na ciwo, wancan ya ce kuɗin da aka sa bai kai ya ɗaura zare ba. Kawu bai ce uffan ba. Ya zauna a ƙasa ya miƙe hannun dama, yaronsa ya naɗa masa tsumma, sannan ya bi da zare, yana zagayawa yana ja yana tamkewa, har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. Makaɗi ya saki takensa. Ya miƙe yana tsuma, ya zaga fage yana kirari da shaƙaƙƙiyar muryarsa, mutane na dariya suna tafi. Turmin farko ya ƙare babu kisa. A na biyu Kawu ya shammaci baƙon, ya zuba masa hannu a haƙarƙari har fage ya miƙe tsaye. Ba a jima ba saurayin ya same shi a ƙasan kunne. Gwiwa ta taɓa ƙasa, hannu ya bi ta, alƙali ya shiga tsakani. Aka ɗaga baƙo sama ana manna masa kuɗi a goshi. Kawu ya tashi ya kaɗe ƙura, ya je ya kama hannun wanda ya kashe shi ya ɗaga, ya koma gefe aka kwance masa zare. Washegari da hantsi yana bakin teburinsa da kumburarren kunci, yana yanka wa yara naman cefane.

Saurayin nan ya koma birni da suna. Da matsoraci ya buge, ko wani yaro da bai iya tsayuwa ba, babu wanda zai kai labarin gaba. Abin da ya sa aka yi ta maganar wasan har kasuwanni shi ne ya kashe namijin da ya tsaya masa turmi biyu, har ya kusa ba shi kunya. Kawu ne ya yi wa wannan nasara farashi. Da na girma na gane cewa abin da yake yi aiki ne mai zaman kansa, kuma a wata ƙasa har albashi ake biya dominsa.

Inda faɗuwa take da albashi

Da gidajen kallo suka yawaita a Rano, janareta na ruri a waje, muna jere a benci a ciki, sai muka riƙa ganin irin su Kawu a resilin, kokawar nan ta Amurka. Kafin a fara wasa za ka tarar da mutum tuni yana tsaye a kusurwar dandamali, ba kiɗa, ba ado, an karanta sunansa da sauri kamar ana jin kunyarsa. Sai fitilu su ɗauke, kiɗa ya tashi, Undertaker ko wani ƙato irinsa ya fito. Mukan kwashe da dariya mu ce yau wannan ya zama nama. Minti uku ko huɗu an gama da shi. A zatonmu raggo ne aka tsinto a hanya. Ashe ma'aikaci ne yana bakin aikinsa.

Resilin wasa ne da ake tsara sakamakonsa tun kafin a hau dandamali. Masu shi ma sun daina ɓoyewa. A watan Fabrairun 1989 kamfanin WWF na Vince McMahon, wanda ya koma WWE a 2002, ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, domin ya fita daga ƙarƙashin dokoki da harajin hukumar wasanni. Tun da haka ne, duk wanda kamfani ke so ya mayar zakara sai an samo masa waɗanda zai riƙa kayarwa a gaban jama'a mako bayan mako, har mutane su yarda cewa ba a ja da shi. Masu wannan aiki suna da suna biyu a bakin Turawa. Ɗaya na raini ne, ma'anarsa ta yi kusa da ɗan ƙwadago. Ɗayan na mutuntawa ne, yana nufin mai ƙara wa wani haske.

Aikin yana da ilimi. Sai mutum ya koyi faɗuwa da faɗin bayansa, ya sunkuyar da haɓa don kada ƙeya ta bugu, ya mari dandamali da hannu biyu domin nauyin ya bazu, ƙarar kuma ta kai kujerar ƙarshe. Idan zakara zai ɗaga shi sama, shi ne zai yi tsalle a ɓoye ya rage masa nauyi, jama'a su ga kamar an ɗauki buhun auduga. Idan aka taɓa shi kaɗan, fuskarsa ta nuna kamar an karya masa ƙashi. Sau da yawa ma shi ya fi zakaran sanin aiki, shi ke raɗa masa a kunne abin da zai yi na gaba. Kuma an haramta masa abu guda: kada ya kuskura ya fi wanda aka ɗauko shi dominsa burge jama'a. A shekarun 1980 ana ɗaukar shirye-shiryen makonni da dama a dare ɗaya, saboda haka mutum kan faɗi sau biyu ko uku kafin ya karɓi ladansa, ya shiga motarsa ya kama hanya, da yawansu kuma suna da wani aikin da suke yi da rana.

Sunayen da suka faɗi

A ranar 31 ga Maris 1985 aka yi babban taron WrestleMania na farko a zauren Madison Square Garden da ke New York. A ranar aka haɗa S.D. Jones, ɗan asalin tsibirin Antigua, da wani ƙato mai suna King Kong Bundy. Aka sanar cewa Bundy ya gama da shi cikin daƙiƙa 9, ko da yake wanda ya duba agogo zai ga ya haura 20. Jones tsohon hannu ne da jama'a ke ƙauna, shi ya sa faɗuwar tasa ta yi nauyi. Shekara guda bayan nan, Bundy ne ya kara da Hulk Hogan a babban wasan WrestleMania na biyu. Bayan Jones ne matakalar da ya taka.

Steve Lombardi, wanda aka fi sani da Brooklyn Brawler, yakan fito da yagaggiyar riga da wando duk datti. Ya shiga kamfanin WWF a 1983, bai bar shi ba sai 2016. Zakaru nawa ne suka zo suka wuce a cikin waɗannan shekaru 30 da ɗoriya, shi yana nan yana faɗuwa yana karɓar albashi. Lokacin da aka kawo wani saurayi mai suna Dwayne Johnson gwaji a 1996, hannun Lombardi aka damƙa shi, kuma Lombardi ya faɗi masa. Saurayin nan shi ne The Rock, wanda yau duniya ta san shi a fina-finai. Johnny Rodz ma ya shafe shekaru yana wannan aiki, har kamfanin ya sa shi cikin jerin gwarazansa a 1996, kuma makarantar da ya buɗe a Brooklyn ta yaye 'yan wasa irin su Tazz da Tommy Dreamer.

Wasu kuma ta wannan ƙofa suka shiga kafin su zama manya. Mick Foley ya fara da shan kaye a 1986, inda Dynamite Kid ya make shi a muƙamuƙi har ya yi makonni ba ya iya tauna abinci. Jeff Hardy yana ɗan shekara 16 aka tura shi gaban Razor Ramon a 1994. Duka biyun sun riƙe kambun zakara daga baya. Amma ba kowa ke tashi ba. A watan Disambar 1990, a garin Tampa na jihar Fulorida, wani sabon shiga mai suna Charles Austin ya faɗi ba daidai ba a wasansa da 'yan biyun nan da ake kira The Rockers, wuyansa ya karye. A 1994 kotu ta yanke a biya shi diyyar dala miliyan 26.7. Wasan tsararre ne, amma ƙashin wuyan na gaske ne.

A fagenmu ba a rubuta wasa

A nan hanyar Kawu ta rabu da tasu. Dambe ba a tsara shi. Wanda aka kama ya sayar da wasa, ya faɗi da gangan don an ba shi wani abu, ya zubar da mutuncinsa da na ubangidansa, kuma zai daɗe bai sake samun mai yi masa kiɗa ba. Ɗan share fage yana shiga ne da niyyar kisa, kuma duk naushin da ya sha ya sha shi ne da gaske. Duk da haka gurbin da yake cikewa iri ɗaya ne da na takwaransa na Amurka.

Dambe tun asali wasan mahauta ne. Da kaka sukan bi garuruwa da ƙauyuka inda ake bukukuwa, su yi fawa da rana, da yamma su gwada ƙwanji da mahautan garin, shi ya sa har yau kalangu ne kiɗansa. Hannun da aka ɗaure shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. A manyan gidajen dambe, irin na Ado Bayero Square da ke Sabon Gari a Kano, ko na Dei-Dei a Abuja, 'yan wasa sun kasu ɓangare-ɓangare: Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Sunayensu ma tsani ne. Yaro kan fara da riƙe wa ubangidansa ruwa da zare, in an ga alamar hannu a tare da shi a kira shi Shagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane. In da hagu yake bugu, Bahagon wane ke nan.

Wanda bai san gidan dambe ba zai ɗauka manya ne ke riƙe da shi. Manya su ke jawo jama'a, gaskiya ne, amma ba kullum suke sa zare da juna ba. Kowannensu yana tattalin sunansa, ba zai tari takwaransa ba sai an sa kuɗi mai tsoka, ko ana gasar babur ko ta mota. To daga la'asar zuwa magariba, wa zai riƙe mutanen da suka biya kuɗin ƙofa? 'Yan share fage. Su ke buɗe wasa tun rana na da zafi, benci bai cika ba. Su ake turawa gaban baƙo a auna hannunsa. Su ake haɗawa da yaron da ubangidansa ke so ya fito da shi. In babba ya dawo daga jinya yana so ya gwada ko hannunsa ya koma daidai, a cikinsu zai zaɓa.

Iri uku ne. Akwai yara masu tasowa, waɗanda faɗuwa makaranta ce a gare su, gobe su ne manya. Akwai tsofaffin hannu da ƙarfi ya fara ja baya, amma kunnensu bai iya jin kalangu su zauna ba. Sai na uku, irin su Kawu, da suka yi rayuwarsu duka a tsakiya, ba su taɓa zama zakaru ba, ba su kuma taɓa daina ɗaura zare ba. Waɗannan na uku su ne masu sana'ar.

Masu shirya wasa sun san abin da suke nema a wurin ɗan share fage. Na farko, ba ya gudun kowa. A dambe mutum na iya duban wanda ya fito masa ya kau da kai, babu mai tilasta shi, shi kuwa ko wa aka nuna masa zai tashi. Na biyu, yana kawo wasa. Ba ya ƙanƙame abokin karawa don lokaci ya ƙare, ba ya zagaye fage da baya, yana shiga ya kai hannu, kuma jikinsa na jure turmi ɗaya ko biyu. Na uku, ya iya karɓar kisa. Ba ya musu da alƙali, ba ya tashi ya ce santsi ne, ba ya ingiza mutanensa su ta da rigima. Wanda ya taɓa ganin fage ya watse da jifa saboda gardamar kisa ya san darajar mutumin da zai faɗi ya miƙe yana murmushi. Na huɗu, yana da abin da ke sa a so ganinsa, ko wani salon tsuma, ko kirari mai ban dariya, ko wata rawa da yake yi kafin ya tsaya.

Abin da yake samu kuwa ba ya taka kara ya karya. Kuɗin ɗan dambe daga hanya biyu yake fitowa, kason da mai gida ke bayarwa daga kuɗin ƙofa, da abin da 'yan kallo suka liƙa. Kason manya ya fi, liƙi kuma goshin wanda ya yi kisa yake bi. Daga ɗan abin da ya samu zai sallami makaɗi, ya ba yaron da ya ɗaura masa hannu, ya biya mota, ya sayi maganin ciwon jiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa da wuya ka sami ɗan share fagen da ya dogara da dambe kaɗai. Mahauci ne, ko ɗan acaɓa, ko ɗan dako, ko manomin da ke tafiya aikin shinkafa da tumatir a fadamun da ruwan Tiga ke shayarwa.

Kokawa ma haka take, wadda ita ce wasan manoma. A Nijar, inda ta zama wasan ƙasa, ana gasar takobi tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe. Jihohi 8 ne, kowace na kawo 'yan kokawa 10. Cikin mutum 80, ɗaya ne zai koma gida da takobi. Kowa ya san Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauke shi har sau 6. Ka tambayi mai sauraron rediyo sunayen waɗanda ya kayar a zagayen farko, ka ga ko zai kawo uku. Alhali da babu sauran 79 ɗin nan, takobin ƙarfe ne kawai. A dambe ma, duk mai jin waƙar Shago ta Ɗan Anace ya san sunan Shago ba ya tafiya sai da na Ɗandunawa. Gwarzo ana auna shi ne da girman wanda ya tsaya masa.

Ranar da ya yi kisa

Me ya sa jama'a ke son mutumin da suka san zai faɗi? Masu resilin sun daɗe da gano amsar, har suka mayar da ita kuɗi. Barry Horowitz ya shiga WWF a 1987. Alamarsa ita ce ya miƙa hannu ya bubbuga bayan kansa, tun da babu mai yaba masa, har rigarsa ma an zana mata tafin hannu a baya. Shekara da shekaru ana kayar da shi a talabijin. A watan Yulin 1995 aka haɗa shi da wani mai taƙama da ƙirar jiki da ake kira Skip, yana cikin burga Horowitz ya naɗe shi ya danne, alƙali ya ƙirga uku. Zauren ya kaure kamar an ci kofin duniya, mai sharhi ya yi ta maimaita sunansa. A watan Agusta ya sake kayar da shi a babban taron SummerSlam. Haka aka yi a ranar 17 ga Mayun 1993, da wani siririn yaro mai suna Sean Waltman ya kayar da Razor Ramon, da kuma 2016, lokacin da James Ellsworth, wanda aka kawo don Braun Strowman ya yi wasa da shi kamar ƙwallo, ya shiga zuciyar 'yan kallo har aka ba shi kwantiragi.

Waɗannan duk a takarda aka rubuta su. Na Kawu babu wanda ya rubuta. Wata kaka aka zo da wani mai suna, wanda ya shiga fage yana duban mutane ɗaiɗai, ya ƙi ko tsayuwa daidai don raini. Bai gama gyara ƙafa ba Kawu ya sakar masa hannu a haɓa, ya zube kamar an sare dawa. Na ga dattawa sun yar da sanda suna tsalle. Na ga mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. Mutanen da ba su taɓa liƙa wa kowa sisi ba suka riƙa kwance bakin aljihu. Aka ɗauko shi a kafaɗa tun daga fage har ƙofar gidansa, makaɗi na biye. Mako guda naman teburinsa ba ya kai azahar.

Murnar ta fi ƙarfin wasan. Zakara ana sha'awarsa ne daga nesa, kamar dokin sarki ranar hawan salla. Ɗan share fage kuwa na gida ne. Manomin da ya ci bashin taki, ruwa ya ɗauke masa ana tsakiyar damina, ya sake ɗaukar fartanya baɗi, ya san abin da ake nufi da a kashe ka ka tashi ka kaɗe ƙura. Yawancin masu zama a bencin nan ba su taɓa cin mota ko babur a rayuwa ba. Ranar da irinsu ya yi kisa, kowa ji yake da hannunsa aka yi.

Abin da jiki ke biya

Yau zamani ya canja fagen. Tun da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube a 2017, damben Hausa ya kai idon mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kowane ɗan kallo kuma da wayarsa a hannu. Da can in an kashe mutum a ƙauye, labarin kan kwana biyu ya mutu. Yanzu faɗuwar daƙiƙa 5 za ta yi ta yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, a maimaita ta a hankali, a sa mata kiɗa, 'ya'yansa su gani a wayar abokansu. Sunan wanda ya yi kisa ne a saman bidiyon. Shi wanda fuskarsa ta jawo kallon, ko kuɗin kati ba ya gani.

Ga kuma abin da ba ya fitowa a bidiyo. Haƙoran da suka zube, muƙamuƙin da ya goce, kunnen da ya daina ji, idon da ya rage gani. Mafi muni shi ne bugun kai da ake ta maimaitawa. Likitoci sun tabbatar cewa yana taruwa, bayan shekaru ya fito da rawar hannu, da mantuwa, da nauyin baki. A damben zamani, wanda aka sumar akan hana shi wasa aƙalla kwana 30. A namu fagen, mutum na iya faɗuwa yau a sheme, a yayyafa masa ruwa, gobe ya sake ɗaura zare, domin in bai yi ba babu na cefane. Kuma wanda ya fi kowa shan irin wannan bugu shi ne wanda aka fi turawa gaban manya. An ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma sau nawa ake haɗa ƙaramin yaro da ƙato don kawai a samu kisa mai kyan ɗauka a waya?

Kawu ya daina dambe da ƙafafunsa, kuma ya yi sa'a. Ganina da shi na ƙarshe yana zaune a gefen fage, furfura ta cika masa kai, yana ɗaura wa wani yaro hannu. Na ji yana gaya masa ya fara koyon yadda ake tashi kafin ya koyi yadda ake kisa, kuma kada ya taɓa yin fushi da wanda ya buge shi da gaskiya. Na lura sai yaron ya matso ta ɓangaren dama yake jin abin da ya ce.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Masu gidajen dambe su yanka wa wanda aka kashe kaso tsayayye, kada a bar shi ga tausayin 'yan kallo. A riƙa haɗa mutane daidai da girman jiki da gogewa. Wanda ya suma a hana shi zare har sai ya huta, a kuma ba shi abin da zai ci a kwanakin hutun. Masu ɗaukar bidiyo su rubuta sunaye biyu, in an samu kuɗi a raba biyu. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, da masarautar Rano ta Autan Bawo da ke kansu, suna iya shar'anta cewa ba a kafa fage sai da ma'aikacin lafiya a gefe, kamar yadda ba a kafawa sai da izinin mai gari.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu kaka ka je kallo, ka je da wuri, tun benci bai cika ba, ka ga waɗanda ke buɗe wasa. In an yi kisa jama'a suka ruga wajen zakara, ka raba abin da ke hannunka biyu. Ka nemi wanda ke zaune a gefe ana kwance masa zare, ka ba shi rabi, ka tambaye shi sunansa.